Dokin Mushe Munkaila

Litinin, 5 ga Oktoba 1992

Na ba da sunana yau. Zan tsaya takarar shugabancin ƙungiyarmu ta masu rubuta wa jaridu labarin wasan eshek, darar Turawa mai doki da sarauniya. Mu goma sha ɗaya ne daga Ƙonni, Malbaza da Illela. Malaminmu Munkaila, da muke kira Mushe yadda ake kiran malamin boko a nan, wanda ya koya mana wasan tun muna lakwal, wato makaranta, zai sauka daga shugabancin bayan ya yi shekara shida. Maikano na Illela ma ya tsaya. Ni abu ɗaya nake so: kowane wasa a rubuta shi yadda aka yi shi, taki bayan taki. Maikano kuwa sai an tashi yake tambayar wa ya ci, ya ƙawata sauran da kansa.

Na sa hannu a takardar takara. 

Laraba, 7 ga Oktoba

Na lissafa. Huɗu nawa, huɗu na Maikano. Ukun Malbaza inda Mushe ya kalla nan za su bi.

Lahadi, 11 ga Oktoba

Jaridar Yamai ta iso da rahotona na gasar Malbaza. Ba su cire komai ba, har layin nan: "A taki na sha tara Munkaila ya ajiye doki, ya ɗauke shi, ya sake wani taki." Haka aka yi, ina zaune a gefen allo. Doka ta ce abin da ka taɓa da shi za ka tafi. A nan kuwa in babba ya mai da taki baya, kowa sai ya kalli rufi. Ba a taɓa rubutawa ba. To, yau an rubuta.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Maikano ya tare ni a tasha, gaban direbobi. "Malam Hashimu mai biro! Kai ko tari mutum ya yi sai ka sa mai lamba. Tsohon da ya koya maka inda doki ka tahiya, shi ka kai Yamai tsirara?" Suka yi dariya. Na ce masa, "Kai da ba ka ga wasan ba, mi za ka rubuta, launin hularsa?" Suka sake dariya, amma ba ta kai ta farko ba.

A gida matata Uwani ta ce in tafi Malbaza da goro in ba da haƙuri. Na ce haƙurin me? Ta ce, "Haƙurin zama kai." Ta ci gaba da tankaɗe.

Lahadi, 18 ga Oktoba

Ɗahiru, ɗaya daga ukun Malbaza, ya zo da saƙo. In na rubuta wa jarida cewa idona ne ya gaza, Mushe bai mai da doki ba, ƙuri'unsu nawa ne. Layi biyu kawai, in ji shi. Na ce in na yi haka, wane wasa ne nawa za a ƙara yarda da shi? Ya ce, "Kai dai ba a iya maka." Ya shanye shayinsa ya tafi.

Na buɗe littafina na duba taki na sha tara sau uku. Yana nan. Wataƙila ni ne ba ni da kunya. Amma yana nan.

Juma'a, 23 ga Oktoba

Ba zan janye ba. Ba zan gyara ba.

Asabar, 24 ga Oktoba

Zaɓe a wani aji a Malbaza. Ƙuri'a cikin hular Ɗahiru. Bakwai da huɗu. Maikano ya ci, ya rungume ni har biro ya karye a aljihuna. Na taya shi murna da baki.

Abin da ya tsaya mini ba wannan ba ne. Da aka miƙa wa Mushe takardar ƙuri'a, ya kai ta dab da hancinsa, ya juya ta, ya sake juyawa, sai Ɗahiru ya ɗora masa yatsa a inda zai rubuta.  Duk sun sani, ashe. A bakin mota na tambayi Ɗahiru, ya ce yanar ido ce ke damun Mushe, tun bara. A ranar gasa bai ga sojan da ke tsaron gidan ba sai da ya ajiye dokin. Na ce me ya sa ba a faɗa mini ba? Ya ce, "Kai allo kake kallo, ba mutane ba."

Duk da haka ya mai da dokin. Ban rubuta ƙarya ba.

Lahadi, 1 ga Nuwamba

Rahoton farko na sabon shugaba ya fito. Taki ko ɗaya babu. Ni zan ci gaba da aika nawa, su buga ko su zubar.

Lahadi, 8 ga Nuwamba

Na je Malbaza. Ba haƙuri na je bayarwa ba, wasa na je rubutawa. Mushe yana karawa da wani ma'aikacin siminti a ƙarƙashin itacen bedi. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na zauna a damansa, don a nan inuwa take.

Na saba in rubuta taki shiru. Yau ban san dalili ba, da abokin wasan ya motsa sai na faɗa a fili ina rubutawa: sarauniya ta koma gida kaza. Na gaba ma haka. A na biyar Mushe ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ɗaga murya, Hashimu, ba ka ci abinci ba?"

Taki talatin da huɗu. Bai mai da ko ɗaya ba. An cinye shi, ya zagi dokinsa, ya ce Lahadi mai zuwa ƙarfe huɗu, kada in makara.

Na ce sai na duba ko ina da lokaci. Na gaya wa direba ya ajiye mini kujerar gaba ranar Lahadi.