Hoton Kakata Bai Fita Ba

Tanti Raƙiya, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana a gida. Ni malamar makaranta ce a nan Tawa, ina kuma ɗaukar hoto wurin bikin mata idan babu aiki. Bara na sayi wani gilashin kamara mai araha, irin mai faɗin nan da ke kwashe tsakar gida gaba ɗaya har da rumbu da kaji. Ba ya saita kansa, sai an murɗa zobensa da hannu kafin hoto ya fito tas. Rissa, mai shagon hoton da ya koya mini sana'ar, ya ce in yi sati biyu ina gwada shi a kan bango da tumaki kafin in nuna shi ga mutane. Na ce to, amma ban yi ba. Kwana uku da sayensa na ɗauke shi zuwa garin Barmu, wurin bikin sunan ɗiyar ƙanwata, don dai a ga na zo da sabon abu.

Kakata ta wajen uwa, Zahara, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko katin ɗan ƙasa ba ta yi ba. Ranar na yi ta tsokanarta ina cewa tsoro take kada a ga na fi ta kyau, har ta yi dariya ta ce ta yarda, amma sau ɗaya tak. Aka jera dangi, mun haura talatin. Babana yana tsakiya, ita kuwa kin san ba za ta zauna kusa da surukinta ba. Ta ja tabarmarta can gefe, jikin rumbu, ta kau da kai kaɗan. Na ce a raina ba komai, ai gilashina yana kama kowa.

Abin da na manta, da safe na ɗauki lallen hannun mai jego daga kusa, na bar zoben a nan ban mayar ba. Na danna, na leƙa ɗan allon kamara cikin rana, na ga kamar komai daidai. Ta tambaye ni ko na kama ta, na ce na kama ta sarai. Tsohon gilashina mai saita kansa yana cikin jakata a lokacin, wannan ne ke ci mini rai har yau.

Sai da na dawo Tawa na buɗe hoton a babban allo. Kowa ya yi dishi-dishi, ita kuma da ke gefe gilashin ya ja fuskarta ta baje, kafaɗarta ta miƙe kamar ba ta mutum ba. Na ce in na koma zan lallaɓe ta mu sake. Ban koma ba sai ranar jana'izarta, bayan wata biyu.

Yanzu ga damuwar. Ɗanta, Kawu Attaher, shekara tara yana Abijan bai zo gida ba, bai kuma samu jana'izar ba. An gaya masa na ɗauki mahaifiyarsa hoto. Kowace Juma'a sai ya turo mini saƙon murya, ba faɗa, a hankali yake tambaya. Na ce masa kamara tana wurin gyara, na ce katin kamarar da hoton ke ciki ya shige mini cikin kaya, ƙarya dai kala-kala har ta ƙare mini. Wata ƙawata ta ce akwai abin da ake sa wa a waya ya gyara fuska ta fito fes. In yi hakan in tura masa? Ko in ce hoton ya goge? Wallahi ko kallon gilashin nan ba na son yi.

Jika mai nadama, Tawa

Ƴata, Allah ya jiƙan Kaka Zahara, ya ba ku haƙuri. Ba zan ce miki ba ki da laifi ba, don kin san da shi: an ce ki gwada, kika ƙi, ɗokin sabon kaya ya ja ki. Amma ki auna abin daidai. Wannan kuskuren hannu ne, duk mai aiki da irin gilashin nan ya taɓa yin sa, kuma ba ki san saura wata biyu ba. Abin da ya fi damuna shi ne ƙaryar kowace Juma'a, domin ita da saninki kike yi, ga mutumin da ke jira a ƙasar wasu.

Kada ki ce ya goge. Kada kuma ki sa waya ta gyara fuskar. Waɗannan abubuwa ba sa dawo da abin da kamara ba ta kama ba, ƙirƙira suke yi. Za ki tura wa kawunki wata tsohuwa kyakkyawa da bai taɓa sani ba, ya rataye ta a ɗakinsa yana yi mata addu'a. Ki kai wa Rissa ainihin hoton. Bajewar gefe ana iya rage ta a kwamfuta, dishi-dishin ne ba ya da magani sosai. Sannan ki bi matan da suka je sunan da wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Mai yiwuwa tsohuwar tana bayan wani hoton ko bidiyo, tana rabon goro ba ta san ana ɗauka ba. Ban yi miki alkawari ba, amma a nema.

Gilashin kuma kada ki jefar da shi. Ki tsuke ƙofar haskensa zuwa lamba takwas idan da rana, ki aje zoben wajen mita biyu, ki maida shi nan duk lokacin da kika gama ɗaukar abu na kusa. Bayan kin danna, ki rufa mayafinki a kan allon, ki ƙara girman hoton ki duba idanu. Ki ja baya kaɗan, mutane a tsakiya, gefe na bango ne da bishiya. Tsohuwar da kunya ta kai ta gefe kuwa, ba a jawo ta tsakiya. Ke za ki tashi ki je inda take, ki ɗauke ta ita kaɗai.

Kafin Juma'ar nan ki kira Kawu Attaher da bakinki, ba saƙon murya ba. Ki faɗa masa yadda aka yi, har da ƙaryar, ki nemi gafara. Zai iya jin zafi, ki bar shi ya ji, haƙƙinsa ne. Sai ki tura masa hoton yadda yake, ki ba shi labarin dariyar da ta yi kafin ta yarda. Fuskar uwarsa bai manta da ita ba cikin shekara tara. Idan ya ga dangi duk a tsakiya, ga wata can jikin rumbu ta ja tabarmarta nesa da surukinta, ba sai an gaya masa ko wace ce ba.

Allah ya sanyaya zuciyarki da tasa, ya sa albarka a hannunki.

Tanti Raƙiya