Bayan Ƙyauren Zaure

Lahadi, 11 ga Disamba, 2022
A bokitin na gane. Ranar Alhamis da la'asar Malam Yahuza, abokin aikin maigidana Muntaka, ya yi sallama ya ajiye shi a bakin zaure da burushi a ciki, ya juya. Na leƙa na ga an wanke shi tas. Tun zaɓen casa'in da tara ni nake dama sitacin da Baban Radiyya yake liƙa fastocin 'yan takara da shi, ni nake wanke bokitin nan. Bai taɓa dawowa da shi a wanke ba. Sai na zauna a ƙasa. Daga baya aka ce mini a hanyar Kiyawa ne, ya sauko daga tsani ya ce kansa yana juyawa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Allah Ya jiƙansa.

Laraba, 21 ga Disamba
Ina cikin takaba. Gida da tsakar gida, shi ke nan duniyar. Har yanzu garin rogon da na tankaɗe masa yana kwano.

Alhamis, 5 ga Janairu, 2023
Motocin kamfen suna wucewa da kiɗa, sai na ji kamar zai shigo ya ce a ƙara ruwa, sitacin ya yi kauri. Radiyya ta karɓo katinta na zaɓe, karon farko ke nan, tana ta juya shi. Ta ce, "Umma, ke wa za ki yi a na ɗan majalisar tarayya?" Ban taɓa tambayar kaina ba. Abin da nake yi, ranar zaɓe idan na fito sai in dubi bangon gidanmu ta waje, babban fastan da ya liƙa a tsakiya, in riƙe alamar a kaina, in je in dangwala. Ai mutum ba zai sa fuskar wanda ba ya so a goshin gidansa ba. Bana bai kai ga liƙa komai a wajen ba.

Talata, 17 ga Janairu
An yi sadakar arba'in. Da maza suka watse na fita share zaure. Rabona da in tsaya a wurin nan na manta, wurin maza ne, wucewa kawai nake yi. Na jawo ƙyauren don in share bayansa, sai na ji ya yi nauyi. Ashe fastoci ne a bayansa, ɗaya a kan ɗaya, sun yi kauri kamar tabarmar kaba. Kullum ƙyauren a buɗe yake jingine da bango, in an rufe kuma Baban Radiyya ne yake rufewa, shi yake buɗewa. Na saman wani ne mai gilashi, ban san shi ba. Ba shi ne wanda na dangwala wa a zaɓen da ya wuce ba. Wancan mai jar hula ne, na tuna sarai.

Juma'a, 20 ga Janairu
Na sa Radiyya ta kira Malam Yahuza. Yana zaure, ina cikin gida, bango tsakaninmu. Na tambaye shi fastocin bayan ƙyaure.
Ya ce, "Au, Maman Radiyya, ba ki sani ba? Nan ne akwatin zaɓen Muntaka. Wanda zai zaɓa yake sawa a nan, ana saura kwana biyu."
Na ce to na wajen fa?
"Na waje ai na wanda ya riga kawo takarda ne. Bango ne mai kyau, yana kallon titi. Ko wa ya zo da wuri shi ke samu."
Radiyya ce ta fara dariya, ta toshe baki da hijabi. Ta ce, "Umma, kina nufin duk shekarun nan ke da Baba kashe wa juna ƙuri'a kuke yi?" Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Amma ni ma da na shiga ɗaki sai da na yi dariyar, ta juye kuka, ta sake komawa dariya.

Litinin, 23 ga Janairu
Ina so in ga fuskokin. Na ɗumama ruwa, na samo tsumma da bakin cokali. Sitacina ne, na san yadda yake saki: a jiƙa, a bari, kada a yi gaggawa. Mai gilashi ya fita lafiya, kunnensa ɗaya kawai ya yage.

Asabar, 28 ga Janairu
Uku sun fito. Na shanya su a kan igiya kamar wanki. Abin mamaki, na biyu da na uku mutum ɗaya ne, amma alamar jam'iyya daban. A na ƙasa gemunsa baƙi, a na sama ya yi furfura, an kuma ƙara masa Alhaji. Radiyya ta duba a wayarta ta ce kujerar ta nan Dutse da Kiyawa ce a haɗe, mutum ɗaya ke zuwa Abuja a madadin duka. Ni da na zaci kowane gari da nasa. To shi ya sa yake kai aiki har Kiyawa. Shi ya sa ranar nan ma.

Laraba, 1 ga Fabrairu
Malam Yahuza ya zo da kansa, wai yana so ya ga tsofaffin abokai. Radiyya ta kai masa fastocin zaure, ina ji yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya. "Ranka ya daɗe, har yanzu kana nan?" Ya ce mai furfurar nan sau biyu yana tsayawa bai ci ba, ya koma noman riɗi. Mai gilashi an ce ya ci, aka tafi kotu, aka daɗe. Jam'iyyar da ke jikin fasta na ukun ma ta narke cikin wata jam'iyyar, yanzu ba a buga alamarta. Na tambaye shi me Baban Radiyya yake dubawa a jikinsu. Ya ce bai taɓa faɗa ba. Abin da ya lura kawai, duk wanda yaransa suka yaga fastan wani, to ba ya shiga bayan ƙyaure. "Haushin aikinsa ne ko aƙida ce, Allah masani."

Lahadi, 5 ga Fabrairu
Baban Radiyya ya sani. Yau na tuna. Shekarar da nake goyon Radiyya na dawo daga rumfar zaɓe da tawada a yatsa, na ce masa, "Na yi wa naka, na bango." Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Madalla, sannu da ƙoƙari," yana ta murmushi. Na zaci daɗi ya ji. Me ya hana shi gaya mini? Kunya, ko yana ganin ƙuri'ata ce ba ruwansa? Ko dai abin dariya yake ba shi, ya ajiye wa kansa. Zai iya, halinsa ne.

Alhamis, 9 ga Fabrairu
Na huɗu ya fito. Wannan na san shi. Shi ne a bangon waje a shekarar da ya tsaya, mai wushirya. Sau ɗaya dai mun yi tarayya, ko da ba da saninmu ba. Wato ba da sanina ba.

Talata, 14 ga Fabrairu
Yaya Malam Mailafiya, yayan marigayi, ya shigo duba mu bayan ya sallami ɗalibai. Na daure na tambaye shi ko mai takaba za ta iya fita zaɓe. Ya ce, "Ikilima, da rana ne, kuma buƙata ce. Ki je ba ado, ki dawo ki kwana a ɗakinki. Amma in kin zauna ma ba laifi." Sai ya ce, "Wa za ki yi?" Na ce ban sani ba tukuna. Ya ce in ina so zai gaya mini wanda gidansu suka tsayar. Na ce na gode, Yaya, zan yi tunani. Ban san daga ina maganar ta fito ba.

Litinin, 20 ga Fabrairu
Rediyo nake ta ji, ni da ba na barinta in an fara siyasa. Ana kawo su ɗaya-ɗaya ana yi musu tambayoyi. Wani a tambaye shi ruwan sha ya ba da labarin kakansa. Wani zagin ɗan'uwansa kawai. Akwai wanda aka tambaya abu ya ce wannan ba aikin ɗan majalisa ba ne, ba zai yi alkawari ba. Na sa Radiyya ta leƙa titi ta gaya mini fastan wa aka yaga, na wa aka bari. Ta ce duk an yayyaga, Umma, babu wanda ya tsira. To hanyarsa ma ba za ta yi mini ba bana.

Alhamis, 23 ga Fabrairu
Yau ne da zai liƙa.

Asabar, 25 ga Fabrairu
Na je. Da na fito ƙofa sai da idona ya kai bango, siminti kawai. Layin mata ya yi tsawo, na'urar tantancewa ta ƙi karɓar yatsana sai da aka ɗauki fuskata. Takarda uku aka ba ni. A ta ɗan majalisa na daɗe a tsaye har wata a baya ta ce, "Baiwar Allah, ko barci kike?" Na dangwala. A hanya Radiyya ta dame ni, wa kika yi, wa kika yi. Na ce madalla, sannu da ƙoƙari. Ta ce wannan ai ba amsa ba ce.

Laraba, 1 ga Maris
An faɗi sakamako. Ba zan rubuta ko nawa ya ci ba, ba shi ne abin ba. Na roƙi Malam Yahuza ya samo mini fastoci na duk waɗanda suka tsaya, don kada ya gane. Ya kawo, ya ce, "Lallai kin yi gado." Na zare ɗaya na sa ƙarƙashin katifa. Garin rogon nan na sake tankaɗe shi, ba don komai ba, kada ya yi ƙwari. Biyun ƙasa suna nan a jikin ƙyauren, sun kama tsatsa, ban ga fuskarsu ba. Nawa kuma ban liƙa ba tukuna.