Dillalin da Ya Ƙi Barin Jikin Bango

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya yara? Ya gwiwar Inna? Mu lafiya lau, ɗakin hayar ne ya ɗan matse mu, mu biyar, amma muna lallaɓawa.

Dillalin da maigidanki ya haɗa ni da shi kuwa, Allah Ya sawwaƙe. Ba abin da ya iya sai fesa turare da kaɗa makullai. Jiya ya kai mu wani gida, fenti sabo fil. A ɗakin da na zaɓa wa Inna ya jingina da bango yana ta zuba, ya ƙi motsawa. Ya manta shekarata goma ina gyaran famfo.

Na ce, “Malam, ɗan gusa mana.”

Yana gusawa sai ga bayan rigarsa sharkaf, duk fenti. Wai zufa ce! Bangon ne ke tsattsafo da ruwa, kuma nan yake so in kwantar da mahaifiyata.

Ki ba Inna haƙuri, ɗakinta na nan tafe. Allah Ya ƙara mata lafiya. In maigidanki ya tambaya, ki ce ban sayi gidan ba, amma abokinsa ya tafi da rabin bangon a bayansa.

Ƙaninki.