Sandar da Baba Yake Sassaƙa wa Oisín

Zuwa ga ƙanena Fintan,

Gaisuwa mai yawa daga Kilderrig, da fatan kana lafiya kai da Orla da yara. Allah ya ba ku juriyar zaman birnin Perth, can ƙetaren teku. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mu yankan ciyawa, da gwiwar Baba da ke tashi duk lokacin da sanyi ya shigo. Gaisuwar ke nan, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba. Raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Jiya ina tatsar shanu, Oisín ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, wai Kawu Fintan ya samo masa aikin gini, ƙarshen wata zai hau jirgi. Ɗana ne fa, Fintan. Ka ɗauki waya kun ƙulla komai a bayan idona, sai ka ce ni 'yar haya ce a gidan. Na san abin da za ka ce, tun da aka rufe masana'antar madara ba aikin yi a garin nan, tanka ce kawai take zuwa daga birni ta kwashe madara ta wuce. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma bara ka kwashi 'ya'yan Dunphy biyu, ka bi da Cathal mai tsaron ragar ƙungiyarmu, yanzu kuma ka miƙo hannu cikin ɗakina.

Ƙungiyarmu ta hurling, wasanmu na sanda da ƙwallo, saura mutum goma sha biyar cif, daidai adadin da wasan ke buƙata, har da Oisín. Ka kuma san doka, mutum ba ya riƙe wa kowane gari sanda sai garin da aka haife shi, balle mu ce za mu aro wani. In ya tafi ba mu cika ba, za a haɗe mu da ƙungiyar garin Rathcolla, mu sa rigarsu, mu buga a filinsu. Rathcolla fa, waɗanda suka zubar maka da haƙoran gaba kana saurayi. Har mahaucinsu Malachy ya tare ni a ƙofar coci yana washe baki, wai in gaya wa Baba ya zuba tumaki a filinmu, ko ciyawar ta yi amfani. Na ce masa ko tumakin muka sa wa riga sai sun fi yaransu gudu. Mutane suka yi dariya, ni kuwa na shiga mota na tafi.

Ba zan ɗaure Oisín ba, na ga yadda idonsa ke ƙyalli in ya ambaci tafiyar. Abin da ya fi ci mini rai Baba ne, don bai sani ba. Har yau duk Asabar sai ya ɗingisa ya je ya ja wa filin nan layi da farar ƙasa. Ciwon da ya kama itatuwan ash, waɗanda ake sassaƙa sandar wasan da su, ya cinye na bayan gidanmu kaf, amma ya ɓoye gindi ɗaya mai kyau ya bar shi ya bushe, da shi yake sassaƙa wa Oisín sanda. Ya ce mini ita ce ta ƙarshe, hannunsa ya gaji, kuma da ita yaron zai kunyata Rathcolla bana.

To, ba ni zan faɗa masa ba, na kuma hana Oisín. Kai ka shirya tafiyar, kai za ka kira shi. Ranar Lahadi in an taso daga coci yana rumfarsa yana goge sandar, zan kai masa wayar har hannu. In ya tambaye ka wa zai ba sandar, ka tanadi amsa, ni dai ba ni da ita.

Ka gaishe mini da Orla, ita ba ta yi mini laifi ba, da Sorcha da auta Donncha. Ka ce wa Cathal mahaifiyarsa na cigiyarsa.

Yayarka da har yanzu ba ta huce ba,
Nuala