Tsohon Hatimina na Arimura

Inna,

Gaisuwa mai yawa daga Aomori. Yaya ƙafar taki? Yaya 'yar'uwata Fumie da 'yan biyunta?

Ni lafiya lau nake, kada ki sa damuwa a ranki. Sanyi ne dai, shi ma an ce da sabo. Da safe in kwashe ƙanƙara daga kan rufi, da rana in datse rassan tuffa. Hannuwan sun ɗan tsattsage, amma matata Kazuha tana shafa mini mai.

Mahaifinta ya tasa ni gaba da burushi da tawada. Ranar biki kowane gida zai rataye fitilar takarda a wurin bauta, ni zan rubuta tamu. Harafin da ke nufin "suruki" nake koyo, har kafaɗata ta ƙage. Ya duba ya ce, "Kai, kaza ce ta yi tonon nan? Sake!" Na ce, "Baba, sunana fa, ina zai shiga?" Ya ce, "Ga sunan gidanmu Oyamada nan a sama, wane suna kuma kake nema?" Gaskiyarsa. Gidan da babu ɗa namiji, mijin 'ya ke ɗaukar sunansu, kuma idona biyu na yarda.

Ki aiko mini da busasshen kifin nan, nasu gishiri ya yi yawa. Ga tsohon hatimina mai sunan gidanmu na Arimura a cikin ƙunshin da na haɗo da wasiƙar nan, an sassaƙa mini sabo. Ki ajiye shi kusa da hoton marigayi Baba.

Jiya na kai hannuwan nan nawa asibiti, ba wani abu ba ne. Aka kira "Arimura". Wani tsoho ake nufi, amma ni na riga shi miƙewa.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki har yanzu,
Shunpei