Sunan Da Hanatu Ta Kama A Kaset

Gusau, ga Yaya Ɗahiru a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka da iyali cikin ƙoshin lafiya, Ya ƙara albarka a kasuwa. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi kyau, geron gonarka ta Bungudu sai da ya fi ni tsawo, ko da yake na san za ka ce wannan ba abin mamaki ba ne.

Yaya, maganar 'yarka Hanatu ce. Ka san tun da aka ba mu jiharmu ta bar aikin rediyo a Sakkwato ta dawo gida, ta buɗe abin da take kira jaridar kaset. Yawo take da rikoda ƙauye-ƙauye, ta ɗauko muryoyin mutane, ta haɗa da labarai, a buga kaset a sayar ran kasuwa. Da farko na yi mata dariya, wallahi. Yanzu mata a Rawayya da Kwatarkwashi, waɗanda ba su taɓa riƙe jarida ba, haɗuwa suke a tsakar gida suna saurare suna sussuka, har ta ɗauki mata biyu aiki.

To, bana taki ya makara, manoman Tsafe suka kai kuka, kuma wanda ya tsaya gabansu surukinta ne, mahaifin Mahadi mijinta. Ta ɗauki maganarsa tsaf. Sai dai wajen gabatar da shi, yarinyar nan ta buɗe baki ta ce Alhaji Attahiru, gatsau, kamar sunan wani baƙo. Ita da ko a ɗaka Baba na Tsafe take cewa! Kaset ya shiga gidansu, uwar mijin ta ji da kunnenta. Ba wanda ya tsaya jin zancen taki. Aka ce boko ya cinye mata kunya, aka aiko cewa ko ta ajiye rikoda ko ta zauna wurina har su ga dama. Tana ɗakina tun kafin girbin wake. Mahadi yana zuwa ya zauna a zaure ya tafi, tausayi ma yake ba ni.

Na yi mata faɗa, kada ka ce ban yi ba. Ta yi kuka, ta ce ta daɗe tana juya abin a ranta kafin ta ɗauka, amma in ta ce Baba na Tsafe, baban wa mai saurare a Bungudu zai ɗauka? Ta ce mutumin da ya tsaya wa talakawa ya cancanci a san sunansa, don girmamawa ta faɗa. Kunya gaskiya ce, ni ma da ita na tsufa, amma yarinyar nan ba raini a zuciyarta.

Shi Alhajin bai ce uffan ba har yau, kuma kai abokinsa ne tun kuna yara. Don Allah ka rubuto masa, ka ba da haƙuri a madadinmu, ka roƙa a bar ta da aikinta da aurenta duka. Kada ka ce mata ta zaɓi ɗaya, don na san auren za ta zaɓa saboda kai, kuma ba za ta ƙara zama Hanatun da ka sani ba.

Ka gaishe da Yaya Dije da Kabiru da Hafsatu. Inna Adama tana gaishe ka. Matan Rawayya sun sake aiko tambayar sabon kaset, na ce musu ba ta jin daɗi. Yaya, kada ka bari in ƙara yi musu ƙarya.

Ƙanwarka,
Saude