Na Gyara wa Baba Maɓallin Tab, Amma Bai Sani Ba

Anti Sa'a, don Allah ki taimake ni. Akwai abin da na ɓoye wata biyu, ko Inna ban gaya wa ba.

Shekarata goma sha huɗu, bara na gama firamare. Babana ne ke riƙe da jadawalin rabon ruwa na manoman sashenmu a nan Kura: wa zai sha ruwa ran Litinin, wace ƙofar ruwa za a buɗe wa masu tumatir. Yana rubuta shi a kwamfuta da wani abu wai shi git, mai tuna duk canjin da aka yi, don kada wani ya ce an sauya masa rana a ɓoye. Shekara uku ke nan da bel ɗin injin ban-ruwa ya kama hannunsa na dama, yatsu biyu kawai ke lanƙwasuwa.

A baƙin allon da ake rubuta umarni, in ka fara kalma ka danna maɓallin Tab, sai ta ƙarasa kanta. Umarnin git na asali duk suna yin haka. Amma akwai wani ƙari da Malam Lukmanu na ƙungiyar manoma ya haɗa musu, git rabon-ruwa, shi ko sau goma ka danna ba ya kawo sunayen ƙofofin. Sai an buga su harafi-harafi, ga su dogaye. Shi ya sa Baba ke kirana kullum bayan la'asar. Sunan mahaifiyarsa na ci, Uwata yake ce mini. Muna zaune a kan tabarma, yana faɗa ina bugawa, yana ba ni labarin kowace gona da mai ita, wani lokaci ya ajiye mini gasasshiyar masara. Mu tara ne a gidan, ni kuma ba ni da baki. In ba a kan wannan tabarmar ba, ban san me zan ce masa ba.

Wata rana ya tafi masallaci, na karanta bayanin da Malam Lukmanu ya haɗo, a hankali, don Turancina bai nuna ba. Ashe akwai ɗan fayil mai koya wa Tab sunayen, an dai bar shi inda bai kamata ba. Sai an sa shi a foldar da kwamfutar ke dubawa, da suna ɗaya da umarnin, sannan take ɗauko shi da an danna. Na gwada, ya yi. Sai na mayar da shi inda yake na yi shiru, don kada a daina kirana.

Makon jiya muna jarrabawa a Islamiyya, na dawo na tarar ya buga da kansa, hannun yana cikin ruwan ɗumi. Bai yi ƙorafi ba, jarrabawata ma ya tambaya. Jiya na sa fayil ɗin a wurinsa, kuma ba zan ƙara cire shi ba. Sai dai Baba ya daɗe da fid da rai da Tab, ba ya ko taɓa shi.

Taki, Uwar Babanta, Kura.

'Yata, ki kwantar da hankalinki. Kin yi kuskure, ba zan ɓoye miki ba: ciwon da hannun nan ya sha ran jarrabawarki akwai alhakinki a ciki. Amma ba mugunta ta sa ki ba, ƙauna ce da tsoro, kuma kin cire hannunki kafin kowa ya kama ki.

Saura rabin aikin, domin gyaran da mai shi bai sani ba bai amfane shi ba. Gobe bayan la'asar ki buɗe sabon allo, ki fara umarnin, ki roƙe shi ya danna Tab da kansa. Sannan ki faɗa masa tun yaushe kika gano, da abin da ya sa kika yi shiru. In bakin ya ƙi, ki miƙa masa wannan shafin. A sanar da Malam Lukmanu ma, watakila wasu na fama da irin wannan.

Batun zama kuwa, ki nemi ya bar ki ki riƙa karanta masa jadawalin kafin ya adana, rabon ruwa na son ido biyu. Amma ni ban ga alamar za ki rasa wurinki ba. Ba a gasa wa mai buga haruffa masara, uwa ake gasa wa.

Allah ya ba Baba sauƙin hannu, ya bar ku tare a kan tabarmar nan, ke kuma ya ƙara miki basira.

Anti Sa'a